Sai Ka Koyar Kafin a Rataye Hotonka

Zuwa ga Maigidana, Baban Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma aikin hanyar nan bai gama cinye maka ƙafafu ba. Yaya ciwon bayan? Kana shafa maganin da na saka maka a aljihun jaka, ko yana nan a rufe yadda na ba ka shi? Mu nan lafiya lau, sai gajiya. Auta tana gaishe ka, yayyenta ma sun bugo, duk suna lafiya.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda waya ba ta yi mana adalci. Layin wurinku sai ya bari mun kai tsakiyar gardama sannan ya yanke, kowa ya zauna da rabin maganarsa a baki.

Wani sabon kaya aka ɗora mini. Makarantarmu za ta cika shekara sittin, Shugaba ya tara mu ya ce ana son littafin tarihinta, kuma tunda ni ce malamar tarihi, ba sai an yi zaɓe ba. Ban ma buɗe baki ba aka tafa. Yanzu in na fito daga aji sai in wuce sito, in zauna cikin karyayyun kujeru ina warware 'yan hotunan da gara ta rage mana.

Duk da haka akwai abin da ya yi mini daɗi. Ashe makarantar ta fara ne a wani ɗakin ajiya da aka raba biyu da katako. Shugabanta na farko, wanda yara suka sa wa suna Dogo, shi ne malamin lissafi, shi ne mai kaɗa ƙararrawa, shi ne kuma mai ɗinke littattafan da suka yage. Shi ya kafa dokar bangon zauren taro: duk tsohon ɗalibin da ya zama wani abu, ba za a rataye hotonsa ba sai ya dawo da ƙafarsa, ya karɓi alli, ya koyar da darasi ɗaya a ajin da ya zauna. Wani babban alƙali ya taɓa aiko direbansa da hoto cikin firam mai ruwan zinare. Dogo ya jingine shi a bayan ƙofa, fuskarsa na kallon bango, har sai da mutumin ya zo ya yi gumi a gaban yara. Matuƙin jirgin sama ya zo ya koyar da taswira. Mai tsaron ragar nan da kake so shi ma ya zo, ya ce lissafi zai koyar, ya ɓata a tsakiyar allo, yara suka fito da shi. Hotonsa yana nan, shi kaɗai ne ke dariya a bangon.

Yanzu maganar Auta. Na san ba ka sauka daga ra'ayinka ba. Kana so a mai da ita makarantar kuɗi kafin jarrabawar fita, saboda tun da malamin Kemistiri ya yi ritaya ba a turo wani ba, ita kuma ta ƙwallafa rai a kan likitanci. Ban ce ba ka da hujja ba. Amma ni ce nake tsayawa gaban iyaye ina roƙonsu kada su kwashe 'ya'yansu. In na cire tawa, da wane ido zan kalle su? Yarinyar nan ita ce ta ɗaya a ajinsu. Tana karanta littafin da kanta, malamin aikin gona kuma yana leƙa su in ya sami sarari. Ka yi mini haƙuri zuwa bayan bikin nan. Manya za su zo, za a yi wani abu.

Ka gaida abokan aikinka. Ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Matarka,
Maman Auta

*

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Na ga taka, na kuma gode da ka yarda ka jira, ko da yake layin da ka ja a ƙarƙashin kalmar "jira" ya kusa huda takardar. Auta ta yi mura ta warke. Ni kuma ƙafafuna sun kumbura, amma ba ciwo ba ne, yawo ne.

Ban san cewa rubuta tarihi aikin ƙafa ba ne sai yanzu. Na bi tsofaffin ɗalibanmu ofis-ofis. Na zauna a ɗakunan jira har na haddace fuskokin sakatarori. In an shigar da ni, sai babban mutum ya jingina da kujera ya fara ba ni labarin bulalar Dogo da itacen da suke hawa a bayan aji, idonsa har da ƙwalla. Da na ce ya zo ya koyar, sai ya jawo waya ya fara duba ranaku, kuma duk ranakun a cike suke. A kan kowane tebur akwai hoton yara cikin kayan makaranta, ban ga kalar namu ko sau ɗaya ba. Wani ma tambayata ya yi wai makarantar tana nan har yanzu. Na ce tana nan, ni ma ina nan.

Shekaranjiya na shiga zauren taro don in rubuta shekarar da kowane mai hoto ya gama. Baban Auta, wanda ya fi kowa ƙuruciya a bangon nan ya fita kafin in fara koyarwa. Na yi ta bin fuskokin ina neman ko ɗaya da ya taɓa zama a gabana, babu. Na zauna a kan benci. Na sha wucewa ta gaban bangon nan, ban taɓa lura ba.

Mutum ɗaya ce ta amsa da kanta, babu sakatare a tsakani. Likitar tiyata ce, tana kuma koyarwa a jami'a. Ta ce za ta zo, kuma Kemistiri za ta koyar a ajin ƙarshe na kimiyya, domin a nan ta zauna. Ajin su Auta ke nan.

Ka san yadda muke yi da baƙin nan tun bayan rasuwar Dogo. Mukan tambayi baƙo darasin da zai koyar, sai mu kwashe mako muna cusa wa yara amsoshi, mu zaunar da masu ƙoƙari a gaba, mu gaya wa kowa lokacin da zai ɗaga hannu. Baƙo ya tafi yana cewa makaranta tana nan yadda ya bar ta. Shugaba ya ce a yi haka, har ya samo wani daga waje da zai zo ya haddatar da su. Ni na ce a'a. Na ce matar nan ana jin maganarta a ma'aikatar ilimi, in ta tarar da aji yana ba da amsa kamar ruwa, me za ta je ta ce mana? A bar ta ta ga ajin yadda yake. Shugaba ya ce ina so in tona wa makaranta asiri ranar bikinta. Muka yi ta yi har na gaji, shi ma ya gaji, ya ce ya cire hannunsa.

Ba zan ɓoye maka ba, abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne Auta. Na ce a raina, ko duk ajin ya yi tsit, ita za ta fitar da mu kunya.

Ka yi mana addu'a. Auta ta ce in tuna maka alkawarin agogo.

Taka,
Maman Auta

*

Baban Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiyarmu ƙalau. An yi biki an gama, an kwashe rumfuna, an mayar da kujerun haya. Ka zauna kafin ka karanta sauran.

Likita ta zo da wuri, 'yar ƙaramar mace, ba ta da hayaniya. Ta fara neman ɗakin gwaje-gwaje. Muka buɗe mata, ta leƙa ta ga buhunan siminti da ragar ƙwallo, ta ja ƙofar da kanta. Ashe ta taho da nata kayan a kwali, kwalabe da bututun gilashi. Ta jera su a kan teburin malami. Ni ina tsaye a bayan aji.

Da farko abin ya tafi yadda na zata. Ta yi tambaya, aji ya yi tsuru-tsuru, Auta ta ɗaga hannu ta zubo amsa tiryan-tiryan. Ta sake yi, Auta ta sake amsawa. Har na fara gyara tsayuwa. Sai Likita ta kira ta gaba, ta miƙa mata wani dogon bututu mai ma'auni, ta ce ta ɗiga ruwan cikinsa a kwalba har launi ya canza. Auta ta karɓa ta tsaya tana juya shi. Ba ta san ta ina ake riƙewa ba. Ba ta san ta ina ake buɗewa ba. Hannunta ya goce, ruwan ya zubo mata a riga. Likita ta kama hannun nata suka ɗiga tare, sai ruwan da yake fari tas ya koma ruwan hoda.

Ajin gaba ɗaya ya ɗauki ihu. Na baya suka hau benci don su gani. Auta ta saki baki tana kallon kwalbar, sai ka ce wadda aka nuna wa sihiri. 'Yan ajin ƙarshe ke nan, waɗanda jarrabawa ke jiransu, kuma wannan ne karo na farko da suka ga abin da suka haddace. Likita ba ta yi faɗa ba. Ta goge duk abin da ta rubuta a allo, ta koma can farkon littafi, ta fara gaya musu sunan kowace kwalba.

Bayan nan aka je zaure aka rataye hotonta, aka tafa, aka yi jawabai. Na raka ta zuwa mota. Ta ce za ta yi magana a ma'aikata, amma kada in sa rai sosai, domin ta sha yin irin maganar a kan wasu makarantu. Sai ta riƙe hannuna ta tambaye ni yarinyar nan ta gaba. Ta ce ko a cikin ɗalibanta na jami'a ba ta cika ganin kai irin nata ba, kuma in aka bar ta a nan za ta faɗi jarrabawar gwaji, ba don laifinta ba. Ta ce in na san iyayenta in roƙe su su cire ta tun a wannan zangon, in ba su da hali ita za ta ɗauki nauyi. Ta ce wataƙila bayin Allah ba su yi karatu ba ne, shi ya sa ba su san abin da ake yi wa 'yarsu ba.

Na ce na san su, zan isar da saƙo.

Da muka koma gida Auta ta yi ta ba ni labarin launin nan, kamar ba a gabana aka yi ba. Na tambaye ta ko ta san akwai gwaji da hannu a jarrabawar. Ta ce ta sani tun bara. Na ce me ya hana ta faɗa mini. Ta ce ta ga yadda nake son makarantar.

To, na isar da saƙo. Kai ne ka yi gaskiya, kuma ba na so ka ce komai a kai in ka bugo. Ka yi wa ƙanenka magana ya je makarantar da ka ambata, ya ce muna tafe. Na gaji, Baban Auta, gajiyar da barci ba ya cirewa.

Matarka,
Maman Auta

*

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Da fatan ka tashi lafiya, da fatan kuma bayan ya yi sauƙi. Na gode da ka bugo ka yi ta zancen damina da tsadar siminti, ba ka taɓo komai ba.

Auta ta fara zuwa sabuwar makarantar. Kayan sun yi mata yawa kaɗan, na rage hannun rigar. An ce tana baya sosai a gwaji, amma malaminsu ya ce in ta dage za ta kamo. Tana dawowa da ƙanshin magani a yatsunta, tana kuma cin abinci fiye da da. Littafin tarihin yana wurin masu bugawa. Shugaba ya ce babin ƙarshe ya yi gajarta, na ce iyakar abin da na samu ke nan.

Yau da safe ina da darasi a tsohon ajin su Auta. Na shiga na tarar da wata yarinya a kujerar Auta. 'Yar mai wanki ce, wadda ke zama a bakin taga saboda kujeru ba sa isa. Uwarta ta taɓa zuwa za ta cire ta ta kai ta koyon ɗinki, ni na zaunar da ita na yi ta ba ta baki har ta fasa. Da yarinyar ta gan ni sai ta miƙe da sauri, ta tambaye ni ko Auta za ta dawo, don ta san ko aro ne. Na ce ta zauna, wurin ya zama nata. Ta yi ta godiya, Baban Auta, har da rusunawa. Ban san yadda aka yi na gama darasin ba.

Ka dawo in an ba ka hutu.

Taka,
Maman Auta