Tagwayen da Gwaji Ya Raba wa Shekaru

Zuwa ga Maigirma Jami'in da ke kula da makarantun firamare na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina roƙon ka ara mini hankalinka, ranka shi daɗe. Ni mace ce daga wani ƙauye na ƙasar Faskari, ba nisa da Tafoki. A ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutun boko, in ka ga ya karkace ka yi haƙuri. Na aiko ta jarida ne don an ce mini takardu sun yi wa teburinka yawa, amma jarida ba ta wuce ka.

Maganar ɗiyan ƙanena ce, tagwaye, Hassana da Usaina. An ce in aka dawo daga hutun Babbar Salla, Usaina za ta wuce aji na gaba, Hassana kuwa ta zauna gida. Za ka ce ina iyayensu? Suna nan da ransu. Yaran 'ya'yan fari ne, ka kuwa san kunyarmu. Ubansu ko sunansu ba ya kamawa. Ya je wurin hedimasta, ya durƙusa, ya gaishe shi, ya tambayi damina, ya ce "yaran nan dai", ya taso ya dawo. Gemu har ƙirji, amma magana ta gagare shi! Ni gwaggo ce, babu wannan kunyar a kaina, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na farko, ga yadda abin ya faru. Da gwamnati ta ce kowane yaro ya zo makaranta kyauta, mun yi murna, muka kwashe su muka kai. Yara suka yi yawa har wasu azuzuwan a gindin ɗorawa ake yin su. Ana cire gero sai ga baƙi a mota, suka ce za a yi gwajin basira, kuma kowane yaro za a ba shi takarda daidai shekarunsa. To, wa ke da takardar haihuwa a ƙauyenmu? Sai aka jera su, kowa ya ɗora hannun dama bisa kansa ya kamo kunnen hagu. Usaina 'yar firit ce, da ƙyar yatsunta suka shafi saman kunne, aka ce ta shiga layin ƙanana. Hassana ta ɗauko dangin uwarta, makiyaya ne na wajen Sabuwa, dogaye kamar kara. Ta kamo kunnen gaba ɗaya har da saura. Nan take aka rubuta mata shekara goma, aka tura ta layin manya.

Ranka shi daɗe, ina ɗakin aka haife su. Safiya ɗaya ce, tabarma ɗaya, a shekarar da aka gama yaƙi sojojinmu suka fara dawowa gida. Tsakaninsu bai kai a dama fura ba. Shekarunsu bakwai, su duka biyun.

Ban riƙe wanda ya jera su a zuciyata ba. Saurayi ne ɗan bautar ƙasa daga Kudu, mai ladabi, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ina zai san cewa mai jin Hassana da Usaina a gida ɗaya ya san tagwaye ne? Ga yaran ba su yi kama ba, ga rana, ga yara sun yanyame shi suna kuka. Abin da aka koya masa ya yi.

Na biyu, ban zo zagin gwajin ba. Da farko na zage shi, har na ce wa mata a bakin rijiya dabara ce ta korar 'ya'yan talakawa. Da na je da fushina, hedimasta, Allah shi saka masa da alheri, ya ba ni kujera ya baje mini takardun guda uku. Ta ƙanana, 'yan shida da bakwai, hotuna ne zalla: rago, saniya, akuya da kare, a ce yaro ya nuna wanda ba ɗan gidan ba ne. Ta 'yan tsakiya zane-zane ne a jere, a bar gurbi a ce me ya kamata ya biyo. Ta manya, daga goma zuwa sama, rubutu ne da Turanci: wane ya fi wane tsawo, shi kuma ya fi wane, to wa ya fi gajarta? Ga shi ana duba agogo. Ya ce mini ba a gwada yaro da kowa sai da sa'anninsa, abin da ɗan bakwai zai yi a yaba masa, ɗan goma in ya tsaya nan an ce yana baya.

Wallahi na gamsu. Mu ma haka muke yi. Ba ma ɗora wa 'yar bakwai tulun da 'yar goma ke ɗauka, ƙaramin gora muke ba ta har wuyanta ya yi ƙwari. Wanda ya tsara matakan nan ya san yara. Amma ka duba, dukan tsarin a kan shekaru yake tsaye. In shekarun ba daidai ba ne, me aka gwada? Hassana da bana ta gama sanin baƙaƙe aka ajiye wa takardar manya. Ta zauna tana kallonta har aka ce a ajiye fensir. Sunanta kawai ta rubuta.

Na roƙi hedimasta ya gwada ta da takardar ƙanana, ko don hankalina ya kwanta. Ya yi, a gabana. Ta nuna kare, ta ce shi ne ba a ci. Ta ci tambayoyi da yawa, ta faɗi wasu. Ban ce ta fi kowa ba, Usaina ma ta fi ta saurin ɗauka, ita kuma ta fi Usaina natsuwa. Yarinya ce dai daidai da sa'anninta. Hedimasta ya ce ya gani da idonsa, amma sakamako ya riga ya tafi ofishinka, ba shi da ikon taɓa shi. Ya ƙara da cewa wuri ya yi kaɗan, shi ya sa aka ce manyan da suka kasa su ba ƙanana benci.

Na uku, ba mu kaɗai ba ne. A kasuwar Ƙanƙara wata 'yar Mairuwa ta ba ni labarin ɗanta, shi kuma akasin namu. Ya kusa sha ɗaya, amma yunwar shekarun fari ta tsumburar da shi. Aka ba shi hotuna ya cinye tas, ana ta tafa masa, ita kuwa ta san hotunan sun yi masa kaɗan. Ta ce tana tsoron ranar da zai haɗu da takardar sa'anninsa. A wani biki a Ruwan Godiya ma na ji irin wannan. Ban san yawansu ba, ba zan ƙirƙira maka ba.

Ga abin da nake roƙo. Ka sa a gyara shekarun Hassana, a sake yi mata gwajin da takardar 'yan bakwai, a gaban duk wanda ka aiko. In ta faɗi a nan, na sallama, ba za ka ƙara jin bakina ba. Ka kuma sa a riƙa kiran mata tsofaffi ranar da za a raba layi. Ba mu san kwanan wata na Turawa ba, amma mun san wanda aka haifa kafin motoci su koma hannun dama da wanda aka yaye lokacin da naira ta shigo, mun san wa ya sha nono tare da wa. A duba baki ma, Hassana yanzu take famfara, giɓinta na gaba bai cike ba. Sannan kafin a ce yaro ya kasa, a gaya wa iyayensa wane mataki aka ba shi, da Hausa. In kuma wuri ne babu, ranka shi daɗe, muna ganin kwalta na shigowa, muna ganin manyan motoci ɗauke da siminti suna wucewa. A tsayar mana da guda ɗaya a gina aji. Kafin nan, mazanmu za su kafa rumfa, mu mata mu kawo tabarmi.

Ka yi mini afuwa in na tsawaita. Abin da ya hana ni haƙuri shi ne halin da yarinyar take ciki. Yara sun sa mata suna "uwar aji", ta fara tafiya a duƙe. Kwanan nan na lura tana tura wa Usaina rabin tuwonta, da rana kuma ta ce ta ƙoshi. Na zaci ciwo ne, har na jiƙa mata magani. Da na ja ta ɗaki na matsa mata, sai ta ce, "Gwaggo, in na rage ci zan daina tsawo, sai Usaina ta kamo ni a mayar da mu aji ɗaya." Na yi faɗa, na yi lallashi, har kaza na yanka mata. Sai na juya baya na ɓoye hawayena, don abin ya karya mini zuciya. Ta ce ita ba maganata take jira ba, maganar masu makaranta take jira. Ni ba mai makaranta ba ce, kai ne. Layi ɗaya daga hannunka ya isa in karanta mata ta ci abinci.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, shi raya maka naka 'ya'yan, shi haɗa su da masu duba su da tausayi.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Gwaggon tagwaye, daga ƙasar Faskari.