Kujerar Dattijon Direba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Autarka ta fara tafiya kuwa?

Ni lafiya lau. Bayana ne kawai yake ɗan ƙorafi saboda wuni a ramin duba ƙarƙashin motoci, kada ka gaya wa Inna. Takardar shaidar duba lafiyar manyan motoci ba ta samu ba tukuna. Na ci jarrabawar rubutu, ta aiki ce zan sake.

A jarrabawar aikin, wata bas aka ba ni in duba, direbanta dattijo ne sa'an Baba. Na ga tiyon iskar birki ya tsage, amma da ya ce, "Ɗana, yaya dai?" sai na ji nauyinsa, na ce ya lallaɓa, a gyara in ya dawo.

Malamarmu ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo wa dattijon kujera, ta tambayi iyalinsa, sannan ta sa hannu biyu ta karɓi makullin bas ɗin, ta ce sai an gyara. Har godiya ya yi mata. Daga baya ta ce mini, "Kunyarka abin so ce, amma ba ta tsayar da mota a gangara."

Yaya, ban taɓa ganin ma'aikaciya irin matar nan ba.

Ku sa ni a addu'a, a aiko mini da hoton yara. In na dawo, bas ɗinka zan fara dubawa. Zan durƙusa in gaishe ka kamar kullum, sannan in jawo maka kujera.

Ƙaninka