Ya Amsa Laifinsa, Ni Na Kasa Haƙura da Hukuncin

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure.

Maigidana direban motar kaya ne. Gyangyaɗi ya sace shi a kan sitiyari da rana tsaka, ya buge wani bawan Allah mai keke, mutumin ya rasa ƙafa. A kotu bai yi gardama ba, ya ce shi ya aikata. Lauyansa ya ce mana in ya amsa za a sassauta, 'yan watanni ne. Sai alƙali ya ba shi shekara biyar.

Tun ranar kamar a cikin ruwa nake tafiya. Ni tela ce. Sai in zauna ina taka keken ɗinki, hankalina ya yi nisa, in ga labulen shago ya motsa, maigidana ya shigo da warin man mota a rigarsa, yana tsokanata wai na fi son almakashina a kansa. Wani lokaci kotun nake gani, tagoginta a buɗe, iska na kaɗa takardu, alƙali ya cire tabarau yana cewa a sake duba maganar. Sai zare ya tsinke in farga. Shekaranjiya na ɗinke bakin hannun rigar wata ban sani ba.

An ce min ana ɗaukaka ƙara. Wasu kuma sun ce wanda ya amsa da bakinsa ya gama. Surukata ta ce in bar wa Allah. Shi kuwa da na ziyarce shi cewa ya yi in ƙyale, wai mai keken ba shi da kotun da za ta mayar masa da ƙafarsa. Na ga gaskiyarsa, amma 'yarmu ta fara tafiya bai gani ba. Anti, son kai nake yi?

Matar direba

'Yar'uwa, ba son kai kike yi ba, kewar mijinki kike yi.

A wurare da dama, wanda ya amsa laifi da wuya ya dawo ya musanta, amma yana iya roƙon kotun sama ta duba ko hukuncin ya yi tsauri. Sai dai lokacin da ake bayarwa gajere ne, kada ki zauna. Ki nemi wani lauya daban, ko ofishin masu taimakon shari'a kyauta, a karɓo bayanan zaman kotun. Ki faɗa masa abin da lauyan farko ya ce muku. Ki kuma tambaye shi ƙarara ko hukuncin na iya ƙaruwa, domin a wasu kotunan hakan na faruwa.

Amma ƙarar tasa ce, sai da yardarsa. Mijinki mutum ne mai kunya, kada ki raina nauyin da yake ji. Ki nuna masa cewa neman sassauci ba musun laifi ba ne, kuma zamansa a ɗaure ba ya ɗauke wa mai keken komai. In ya fito, yana iya zama ƙafar mutumin zuwa asibiti da kasuwa. Surukarki kuma ki lallaɓa ta, a haɗa addu'arta da ƙoƙarinki.

In duk da haka ya ƙi, ki mutunta zaɓinsa, ki riƙa kai masa 'yarsa yana ganin girmanta. Allah Ya ba mai keken lafiya, Ya sanyaya zuciyarki, Ya kawo muku mafita.