Murhun Farin Ɗaki

Lindsäter, 9 ga Mayu, 1954

Ƙanena Sixten,

Gaisuwa da fatan kana lafiya a Stockholm. Mu nan ba lafiya ba.

'Yan fim ɗin da ka turo gidanmu sun fasa murhun tangaran da ke ɗumama farin ɗaki, wai ya tare wa kyamara hanya. Ina kicin na ji guduma. Kafin in hau bene, Baba Algot, tsohon ma'aikacin gidanmu wanda ya shekara arba'in yana gyaran murhun nan, ya riga ni. Ya ce wa daraktan, "Kai ɗan nan, gidan ubanka ne?" Daraktan ya yi dariya ya ce, "Tsoho, je ka nemi kofi." Baba ya ɗauki ƙarfen tonon wuta ya zuba masa a baki. Haƙora uku a ƙasa, jini har kan kujerun Mama masu ruwan toka.

'Yan fim ɗin su huɗu suka rufe shi da duka. Sun maka shi da dogon agogo, gilashin ya tarwatse a kansa. Wani ya taka masa hannun dama da takalmi, na ji ƙarar ƙashi. Ihu nake, ba mai ji. Da 'yan sanda suka zo, shi kaɗai suka tafi da shi.

Daraktan ya ce da izinin mai gida ya fasa. Wane mai gidan?

Yayarka,
Ragnhild

Stockholm, 14 ga Mayu

Yaya ta kaina,

Ina gaisuwa. Ki sha ruwa ki huce, murhu ne fa, ba mutum ba! Eh, ni na sa hannu. Ban zaci tsohon zai haukace ba. Fim ɗin nan zai sa duk ƙasa ta san gidanmu.

Ki taimake ni da abu biyu. A kotu ki ce ya sha giya ranar, za su sassauta masa. Kuma kada ya ji batun sa hannun.

Naki,
Sixten

Lindsäter, 2 ga Nuwamba

Sixten,

Na gaishe ka don Mama ta koya mana gaisuwa.

Na faɗa wa alƙali Baba bai taɓa kurɓar giya ba. Wata huɗu ya yi a ɗaure. Hannun ya shanye.

Jiya na shiga sinima kallon fim ɗin. Farin ɗaki ya fito tas, labule, madubi, kyandirori. Can sai ga Baba a ƙasa ana tattaka shi. Ashe ba su kashe kyamara ba. Sun mai da shi ɓarawon da aka kama a gidan masu sarauta. Na kusa da ni har tafi take, tana cewa, "Ƙara masa!"

Da na dawo na karanta wa Baba wasiƙarka ta watan Mayu, tun daga sama har ƙasa.

Sai wata rana,
Ragnhild

Lindsäter, 5 ga Nuwamba

Ɗana Sixten,

Ina gaishe ka. Yayarka ke rubuta mini.

Na tsince fale-falen tangaran na murhun. Sittin da ɗaya ne ba su fashe ba, sauran za a liƙa. Sanyi ya shigo, ɗakin zai lalace. Ni ba hannu. Kai kana da biyu.

Ka zo ranar Asabar da tsofaffin kayan sawa, mu sake gina murhun. Ba zan dake ka ba, ba ni da abin dukan.

Allah ya kawo ka lafiya.
Algot