Tef ɗin Awo na Tsigi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ba ki sauƙin ciwon bayan nan da tsayuwar asibiti ta jawo miki. Mu nan lafiya lau. Baba ya fara taka ƙafarsa ba sanda, har yana zuwa bakin titi ya zauna wurin mai gyaran agogo. Shago ma yana tafiya, sai dai shiru ya yi masa yawa. Na zaɓi in rubuto ne saboda sau biyu ina kiran ki a waya don in yi maganar nan, da na buɗe baki sai kuka ya riga ni.

Maganar Tsigi ce, Yaya. Kin san shekararta biyu da rabi lokacin da Allah Ya karɓi mahaifiyarta, ƙanwarmu, na ɗauko ta na goya. A ƙarƙashin keken ɗinkina ta girma, tana tsintar ƙyalle tana yi wa ’yartsanarta zane. Amma akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Da ta shiga aji ɗaya, lissafi ya zame mata abin tsoro. Idan aka ce ta tara bakwai da biyar, sai ta ƙirga yatsunta, su ƙare, ta tsaya tana kallon hannuwanta kamar sun ci amanarta. Har ta fara cewa cikinta na ciwo duk ranar da ake lissafi. Na je na sami malamarsu, wata dattijuwa mai haƙuri. Ta ce yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, kawai tana so ta ga lambobi da idonta a jere. Ta zana mini layi a bayan takarda, ta rubuta sifili zuwa goma a kansa, ta ce tarawa tafiya gaba ce, ɗebewa kuma komawa baya.

Da na dawo na ɗauki allin ɗinki na ja layi a simintin shago. Sifili a bakin ƙofa, ashirin a gindin keke. Ina ɗinki ina ba ta lissafi, ita kuma tana tsalle. Sai da muka yi mako biyu amsarta na gazawa da ɗaya, ban gane dalili ba. Ranar da na ajiye almakashi na zuba mata ido, sai na ga tana ƙirga lambar da take tsaye a kai a matsayin ɗaya. Na ce mata inda take tsaye ba a ƙirga shi, tsallen ake ƙirgawa. Ta tsaya kan bakwai, ta yi tsalle biyar, ta duba ƙasa ta ga sha biyu. Yaya, ihun da ta yi har mai shagon kusa ya leƙo yana tambaya ko allura ce ta soke ta. Ɗebewa kuwa ba ta yarda ta yi tsalle da baya ba, wai za ta faɗi ta fasa kai, sai ta juya ta fuskanci ƙofa. Masu kawo ɗinki suka saba, kowa ya shigo sai ya tsallake layin, don idan aka goge mata lamba ɗaya ranar ba zaman lafiya. Daga baya na ba ta tsohon tef ɗin awona da maɓalli ɗaya, tana tura maɓallin a kan lambobi maimakon tsalle.

Sai ga mahaifinta ya zo, wata uku ke nan. Ya bar tuƙin babbar mota, ya sami aiki a zaune a garinku, ya yi aure, yana son ’yarsa kusa da shi. Wallahi bai yi mini rashin kunya ba. Ya durƙusa gaban Baba, ya yi godiya. Me zan ce? ’Yarsa ce. Na wanke kayanta, na goge, na jera a jaka. A tasha ta tambaye ni yaushe zan zo in ɗauke ta, na ce mata ba da daɗewa ba. Ƙarya na yi wa yarinya ’yar shekara bakwai, kuma ta yarda da ni, har tana ɗaga mini hannu tana dariya. Da na koma shago na ga tef ɗin rataye a jikin keke. Mai shagon kusa ya ce ita ta dawo da gudu ta rataye shi kafin mu wuce tasha, wai kada Inna, kamar yadda take kira na, ta rasa abin awo.

Makon jiya matar uban ta kira ni. Mace ce mai kirki, damuwa ce ta sa ta kira. Ta ce an yi wa Tsigi gwaji a sabuwar makaranta, ta miƙe ta tambayi malami ko za a ba ta wuri ta yi tsalle, aji duka ya fashe da dariya. Ta zauna, ba ta rubuta komai ba. Yanzu suna maganar mayar da ita aji ɗaya, kuma yarinyar da muka sa wa suna Tsigi saboda surutu ta daina magana a gida. Na ce a ba ta waya. Ta gaishe ni kamar baƙuwa.

Ga roƙona. Na san aikinki ba hutu, kuma unguwarsu da nisa, amma ki daure ki je ranar da ba ki da aiki. Na sa tef ɗin da maɓallin a cikin wannan ambulan. Ki ba Tsigi a hannunta. Ki nuna wa matar uban yadda ake yi, ta ja layi ko da gawayi ne a tsakar gida, ta bar ta ta juya idan za ta ɗebe. In da hali ki ga malamin, ki ce ya sake gwada ta, ya bar ta ta zana layinta a gefen takarda. Ta iya, Yaya, da idona na gani. Idan ta tambaye ki yaushe zan zo, kada ki ƙara mata wata ƙaryar a kan tawa. Ki ce can ne gidansu yanzu, kuma Inna za ta zo ganin ta idan Baba ya ƙara ƙarfi.

Ki gaida maigidanki, da ’yan biyu, da Auta. Baba yana sa muku albarka, Kawu da iyalinsa suna gaisuwa. Kafin ki bar mata tef ɗin, ki auno mini ita daga kafaɗa zuwa gwiwa, da tsawon hannu. Na yanka mata yadi jiya, sai na tsaya da almakashi a hannu, don ban san girmanta ba yanzu.

Taki har kullum,
Ƙanwarki mai ɗinki