Audugar Inna da ke Bayan Gida

Zuwa ga ƙanena Abdulganiyu,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali da duk mutanen Ƙofa, Allah ya ƙara mana lafiya da rufin asiri. Mu nan Alƙahira sai godiya. 'Yata Humaira ta warware daga haihuwa, jariri Sadiq kuma tsotso yake ba ji ba gani. Na gode da ɗawainiyar da ka yi har na hau jirgi, Allah ya saka.

Ka san ba na tafiya ba mazarina. Kuskurena ɗaya, na ƙunso audugar Inna ban gurje ta ba, a filin jirgi suka ce ba a shiga ƙasar mutane da iri, suka karɓe duka. Ban ga laifinsu ba, amma na yi kuka. Wata tsohuwa maƙwabciyar su Humaira ta gan ni da mazari ba abin kaɗi, ta kawo mini tasu audugar. Ba na jin Larabcinta, ba ta jin na littafi da nake yi mata, amma kullum muna tare. Ita a tsaye take kaɗi, mazari na lilo a iska, ta yi ta dariya da ta ga ina shafa alli a yatsu. Audugarsu laushi kamar man shanu, zare ba ya tsinkewa. Allah ya biya ta. Sai dai fara ce fat, ba ta da jan nan na tamu.

To, jiya matarka Salamatu ta gaya mini a waya wai za ka sare audugar bayan gida ka gina shagon cajin waya, har ka ce ai ciyawa ce. Abdulganiyu, ciyawa? Inna ce ta shuka ta da hannunta, na nemi irinta daga Tiga har Riruwai ban samu ba, wanda na taho da shi kuma ya tafi. Ita kaɗai ta rage. Na gode wa Salamatu da ta hana masu aiki taɓa ta, ta fi ka hankali, kada ka yi mata faɗa.

Ban hana ka shago ba. Ka bari ta fashe da kaka, Salamatu ta tsince, in dawo in cire iri, sannan ka yi gininka. Ina so in saƙa wa Sadiq majanyi da ita, kamar kowane ɗa na gidanmu. Kai ma da irinsa aka ɗaure ka, kuma a bayana, kana yi mini fitsari ban taɓa sauke ka ba.

Ka gaishe da Baba Shitu da Goggo Asabe, da Salamatu gaisuwa ta musamman. Ka ajiye gatarin nan.

Yayarka,
Turai