Dutsen Kellu da Kanwar Lurwanu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga Lurwanu fatken kanwa, mazaunin Gaya, zuwa ga Falmata 'yar Malam Umara a Toranke, ƙanwar matata Kellu, Allah ya jiƙanta. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarki da ta maigidanki da yara. Ki durƙusa mini gaban Malam.

Bayan haka, kin san ni. Da jaki ɗaya na fara bin hanyar Barno, yau goma sha huɗu ne a turke, kuma ban taɓa zuwa ƙofar wani neman shawara ba. Ranar sadakar arba'in ɗin yayarki kuka ce namiji ba ya iya riƙon 'ya mace, a ba ku ita. Na ce ku zuba ido. Shekara huɗu ke nan ba ta taka Toranke ba, ba ta kuma rasa komai ba. Saboda haka kada ki ɗauki takardar nan roƙo. Tambaya ce kurum.

'Yarki, wadda kuke kira Bilki, ba ta da lafiya. Wata huɗu ke nan wani ciwo yana kama ta a mara. Sai ta duƙunƙune kan tabarma, gumi na keto mata, kwana biyu ko uku, sannan ta miƙe garau kamar ba ita ba. Ni mutum ne mai lura. Na lura ba ya zuwa sai wata ya kwana goma ko kusa da haka. Na kuma lura in ya zo sai ta bar salla, yarinyar da take riga ni ɗaukar buta. In na tambaye ta sai ta ja zane ta rufe fuska. Ciwon da ya san lissafin wata, kuma yake hana salla, ai ba sai an gaya mini ba, iska ce.

An yi rubutu ta sha, an yi hayaƙi, na yanka bunsuru sadaka. Hanne maƙwabciyata ta leƙo, ta dube ta, ta dube ni, ta fita tana dariya. Tun ranar ban amsa gaisuwarta ba. Yanzu Kabo wanzamin garin Balan ya ce mugun jini ne, zai yi mata tsaga bakwai a ciki ya kafa ƙaho. Mun sa Juma'a ta sama.

Falmata, ciwon ciki ne ya ɗauke yayarki ina can kan hanya. Ki gaya mini gaskiya, akwai irin wannan a danginku? Hamma mai kora mini jakai zai jira amsa.

Haza wassalam. An rubuta ran sha biyar ga Rajab, 1290.

*

Da sunan Allah.

Daga Falmata zuwa ga mijin Yaya, sarkin masu lura na Gaya. Mun amsa gaisuwa, kowa lafiya. Malam ya sa maka albarka.

Kafin komai: kada askar Kabo ta taɓa mini 'ya. In ya riga ya wasa ta, ka miƙa masa kanka.

Na karanta takardarka a ɗaka, na yi dariya har yara suka leƙo, daga baya kuma na share hawaye. Iskar nan da ka gano, mijin Yaya, tana kaina, tana kan Hanne, mahaifiyarka ma ta yi zama da ita. 'Yarka ta girma, ta fara al'ada. Shi ya sa take ajiye salla, yadda shari'a ta ce. Da ka ƙara ko shekara ɗaya gaban malaminka kafin ka bi jaki, da ka zo babin. Kana kallonta kullum, ba ka ga ta wuce 'yar da ka sani ba. Kuma wace yarinya ce za ta buɗe baki ta faɗa wa ubanta wannan?

Ka kwantar da hankalinka. Abin da ya ɗauki Yaya dabam ne, zazzaɓi ne da kumburi. Amma wannan ciwon marar ita ma ta sha shi, duk wata, shekara goma sha biyu a gidanka. In kana gari sai ta ce maka kanta ke ciwo. Ka tuna akuyar da ka sayar don tana lasar maka kanwa a zaure? An zalunci akuyar nan. Yaya ce take ɓantarar bakin kanwar ta dama kunu.

Ga abin da za a yi. Akwai wani baƙin dutse sumul, cikin tafin hannu biyu, wanda mahaifiyarmu ta sa wa Yaya a kayan ɗaki. Ka nemo shi. A binne shi cikin toka mai zafi har ya ɗau ɗumi, a naɗe a tsumma, ta ɗora a mara. Ɗumi na ce, ba gashi ba. A tafasa citta da kanumfari, a sa zuma, ta sha safe da yamma tun kwana biyu kafin lokacin. A dama mata kunun gero da kanwa kamar ƙwayar wake ɗaya. Ɗaya, ka ji? Na san hannunka, yawanta kuwa illa ne. Ta bar ruwan randa a kwanakin, ta sha mai ɗumi. In ya lafa ta ɗan zaga tsakar gida, kwanciya wuri ɗaya ba ta sakin mara. In kuwa ka ga zazzaɓi, ko ciwon ya zarce kwanakinsa, ka kira ungozoma, ba wanzami ba.

Ka je ka gaishe da Hanne. Yarinya tana bukatar mace kusa. Zancen Toranke ban sake tayar maka da shi ba, ka ga ban ce komai ba.

Wassalam. 'Yar'uwar akuyar da aka zalunta, Falmata.

*

Da sunan Allah.

Daga Lurwanu zuwa ga Falmata, gaisuwa da fatan alheri. A gaishe da Malam, kuma in kina tsoron Allah kada ki karanta masa takardata ta farko.

Bayan haka, ni ma zuciyata ta ɗan raya mini haka, na dai so in ji daga bakin wani. Kabo ya zo ran Juma'a da ƙahonsa da komai. Na zauna ya yi mini aski, ya gyara mini gemu, na sallame shi.

Dutsen na same shi. Shekara huɗu da shi nake tokare ƙofar zaure, ina taka shi shiga da fita. Na ɗauko na wanke shi da hannuna. Na daɗe zaune da shi a cinya, ban fita kasuwa da wuri ba ranar. Shekara goma sha biyu, Falmata, ina kawo mata zanen Barno ina tsammanin ba abin da ban yi mata ba. Allah ya kai haske kabarinta.

Na je wurin Fatsuma mai kayan yaji na ce a ba ni citta da kanumfari mafi kyau, na yarinya ne mai ciwon mara. Ashe muryata ta fita. Duk matan layin suka shiga yi mini barka, wata har da guɗa. Na tsaya na amsa, me zan yi?

Da watan nan ya kwana tara ciwon ya zo, ya tarar da ni a shirye. Ni na dama kunun da kaina. Ƙwayar wake ɗaya da kika ce, wannan ma'aunin wanda ke sayen kanwa ne, ba na mai ita ba. Na zuba cikin hannu guda, jar kanwa wadda nake ɓoye wa manyan baƙi. Kin ga aikinta? Yini ɗaya ta kwanta, kashegari na ji tana daka tana waƙa. Har yanzu muryar na kunnena. Maganinki yana da kyau, amma sai da ya haɗu da hannun da ya san kaya.

Hanne na gaishe ta, na aika mata kanwa ɓari guda. Ta sake yin dariya, na ƙyale ta.

In an gama girbi, kafin in kama hanyar Barno, zan kawo miki 'yarki ta zauna har in dawo. Ba wai kun yi gaskiya ba ne. Akwai abubuwan da suka rage ta sani, ni kuma harkoki sun yi mini yawa.

Haza wassalam. Sha huɗu ga Sha'aban.

*

Inna Falmata, ina gaishe ki, ina gaishe da Kaka. Bilki ce. Na roƙi Hamma ya sa wannan a ƙasan mangala, Baba bai sani ba.

Na ji sauƙi sosai. Takardarki Baba ya manta da ita a kan turmina, a buɗe, an danne da ludayi, har kwana uku. Na karanta. Iya Hanne ta dama mini kunu yadda kika ce, wake ɗaya.

Na Baba kuwa ko cokali ban iya haɗiyewa ba. Na zaga bayan rumbu na zuba wa akuya da jakai, suka lashe tas, na kawo masa ƙwarya wankakka. Ya daɗe yana dubanta yana murmushi.

Dutsen mahaifiyata kuwa, Baba ne ke ɗumama mini. Sai ya kara a kumatunsa ya ji ko ya yi zafi, ya ajiye a bakin ƙofata, ya yi gyaran murya, ya tafi.

Zan zo da dutsen. Don Allah kada ki gaya masa zancen akuya.

Wassalam.